Bas mai gas, mai fowil, ta kaya da fasinja: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Dawanau, ina kai kayan masarufi ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa, in dawo da masara. Ranar kasuwa nakan ɗauko mutane da kayansu. Damina ce ke ba ni wahala, bara sau uku motata tana kafewa. An tallata mini motoci biyu, duka masu gas (dizal) ne masu jan tayoyi huɗu, wato fowil: Hiace ta Japan da aka juya wa sitiyari, da Volkswagen Transporter 4Motion 'yar Beljiyom, ƙirar 2014. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa kasuwa albarka. Na haura shekara ashirin ina kwanciya a ƙarƙashin bas-bas a nan Kano, kuma irin wannan tambayar takan zo mini ne a watan Satumba, lokacin da mutum bai gama wanke taɓon Agusta daga ƙafarsa ba. To ga abin da na gani. Hiace ɗin da aka juya wa sitiyari, ka bar wa mai ita abarsa. Volkswagen ɗin kuwa motar kirki ce, sai dai ba lallai ta dace da aikinka ba. Kuma kafin mu kai ga zaɓe tsakaninsu, ina so mu duba ko fowil ɗin ne ma maganin ciwon da ke damunka.

Mutanenmu suna jin an ce fowil sai su hango Land Cruiser tana keta rairayi. Sunan ɗaya ne, aikin ba ɗaya ba. Akwai irin ta Hilux da tsohuwar Mitsubishi Delica, mai ƙaramar giya ta biyu da ake kira lo: ka sa ta, motar ta riƙa tafiyar hawainiya amma da ƙarfin da zai fitar da ita daga rami. Hiace ɗin nan da ake ce wa Homa, mai fowil ɗinta ba ta da wannan. Nata kullum a haɗe yake, da wata na'ura mai ɗanƙon mai a ciki wadda ke tura ƙarfi zuwa gaba idan tayoyin baya sun fara sulɓi. Volkswagen kuma asalinta mai jan gaba ce. Wani kuloci da ake ce wa Haldex, wanda ke manne da aksul ɗin baya, shi ke kama tayoyin baya idan buƙata ta taso. Waɗannan biyun don ƙanƙara da titi mai santsi aka yi su, saboda mai kai burodi a arewacin Japan ko mai aikin famfo a tsaunukan Jamus ya iya fita aiki da hunturu. Suna taimakawa a burji mai santsi da yashi marar zurfi, ba na musun wannan. Amma ba a ɗaga su sama ba. Tsayin cikinsu daga ƙasa bai fi na 'yan'uwansu masu jan taya biyu ba.

Nan ne gizo ke saƙar. Ka tuna sau ukun da ka kafe bara. Tayoyin ne suka yi ta juyawa a kan santsi alhali cikin motar bai taɓa ƙasa ba, ko kuwa cikin ne ya zauna daram a kan tudun da manyan motoci da taraktoci suka bari a tsakiyar hanya? In na farko ne, fowil zai fitar da kai. In na biyu ne, ko taya takwas ke ja, shebur da majiya ƙarfi ne za su fitar da kai. A hanyoyin da ke sauka daga titin Jos zuwa cikin ƙauyuka, inda motocin masara ke haƙa kwari biyu da damina, na biyun ya fi yawa. Bas doguwa ce, hancinta da gindinta sun zarce tayoyi, ga lodi ya danne sifirin. Ba ta buƙatar rami mai zurfi kafin ta zauna.

Sai maganar nauyi, wadda dillali ba zai taɓa ɗauko maka ita ba. Kayan fowil ƙarfe ne: ƙarin farfela, ƙarin aksul, akwatin raba ƙarfi. Suna kai kilo ɗari ko fiye, kuma daga cikin abin da motar za ta ɗauka ake cire su. Wato mai fowil ta fi marar fowil ƙarancin ɗaukar kaya, da kimanin buhun masara guda. Hiace irin wannan, abin da kamfani ya rubuta mata tan ɗaya ne, kilo 1,000. Buhun masara kilo 100 ne, ka ga buhu goma ke nan, an gama. In mutane ne, sa kowa a kilo 70: mutum 14 sun kai kilo 980, ba a sa ko ƙullin goro ba. To kai da kake son mutane da kaya a tafiya ɗaya, lissafinka shi ne duk mutum uku sun cinye gurbin buhu biyu. Mutum shida da buhu huɗu, da kai da yaron mota, ka cika. Na san abin da ake yi a tasha, na san ana ɗora ninkin wannan a tafi kuma a dawo. Amma ni ake kawo wa motocin daga baya, da karyayyen sifirin, da boris ɗin baya da ya narke, da birkin da ya ƙone a gangara. Jan taya huɗu yana taimaka wa mota ta tashi, ba ya taimaka mata ta tsaya. Birki iri ɗaya ne da na marar fowil, ga ƙarin nauyi a kansa.

Tunda kaya da mutane za su zauna a ɗaki ɗaya, komai motar da ka saya ka sa mai walda ya yi maka shinge na ƙarfe mai ƙwari tsakanin kujeru da wurin kaya, a ɗaure shi da jikin motar da kusoshi masu noti, ba ɗigon walda ba. Buhu mai kilo 100 idan aka taka birki da ƙarfi ba buhu ba ne, dutse ne. Masu nauyi su kwanta a ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya. Saman mota na katifa ne da robobi, ba na hatsi ba, don bas mai tsayi da nauyi a ka ita ce ke kifewa idan taya ta fashe. Jarkar mai da tukunyar iskar girki kuwa ba sa shiga inda mutane suke.

Mu dawo kan gas. (Gas nake cewa kamar yadda muka saba a gareji, wato man dizal, ba iskar gas da ake mayar da motoci kanta yanzu ba.) Sunan da injin gas ya yi a wurin mutanenmu, na juriya da rashin laulayi, tsofaffin injina ne suka jawo masa. Irin 5L na Toyota mai lita 3, marar tobo, mai injekta irin ta da: ba shi da gudu, yana da ƙara, amma abin da ka zuba masa zai haɗiya, kuma duk garin da ka tsaya akwai mai iya kwance shi. Injinan da ke cikin motocin da aka tallata maka wani jinsi ne daban. Na Hiace zai kasance 2KD mai lita 2.5 ko 1KD mai lita 3, na Volkswagen kuma 2.0 TDI. Dukansu kwamfuta ke ba su mai, ta nozul masu ƙofofi sirara kamar gashin kai, da matsin da ya ninka iskar taya sau ɗaruruwa. Man gas ɗin kansa shi ne ke sanya wa famfon da nozul ɗin santsi. Ruwa kaɗan, ko ƙasa, ko kananzir da aka surka, ya isa ya cinye su. Nozul huɗu da famfo in suka tafi tare, kuɗinsu zai sa ka zauna ka yi shiru.

Turai tun 2009 man gas ɗinsu ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na sinadarin salfa, wato farar wuta. Mu a nan, a da, an daɗe ana halatta har 3,000. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50, kuma tun 2024 matatar Dangote ta fara sayar da nata gas ɗin, don haka al'amura sun fi da. Amma abin da ke rubuce a takarda daban, abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu a bakin hanya daban. Mai wannan injin ba ya shan mai a galan. Gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su, masu ciniki sosai yadda mai ba ya kwana a tankinsu, nan za ka riƙa cikawa kafin ka bar Kano, ka lissafa zuwa da dawowa.

Motar Turai ta 2014 tana da wani abu kuma a cikin salansa, matatar hayaƙi da ake kira DPF. Tana tara baƙin hayaƙi, sai in an yi doguwar tafiya da gudu ta ƙone shi da kanta. Tafiyarka ta Doguwa za ta yi mata daɗi. Abin da ba ta so shi ne cunkoson Kantin Kwari da Singa da 'Yankura, a yini ana taka kuloci, da kuma man juye na gama-gari. Nata na musamman ne marar toka da yawa. Idan ta toshe, kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi, ka ga bas tana rarrafe kamar mai ciwon baya. Da yawa kafin su iso hannun mai saye an riga an fasa matatar an zubar. In an yi aikin har cikin kwamfuta, motar takan tafi, sai dai hayaƙi. In rodi kawai aka zura aka farfasa, fitilar gargaɗi ba za ta daina ci ba, har sai wani ya cire ƙwan fitilar ya ce maka ya gyara.

Batun tsimin mai kuwa, kar ka karɓi maganar kowa, yi lissafi. Gaskiya ne injin gas ya fi na fetur tsimi, da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Mu ƙaddara mai fetur tana shan lita 13 a kilomita 100, mai gas tana shan 10. Muddin kuɗin litar gas bai kai na fetur da ƙarin kashi 30 cikin 100 ba, mai gas ce da riba a gidan mai. In ya wuce haka, ribar ta gudu. Gwamnati ta daɗe da cire hannunta daga farashin gas, shi ya sa a 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni, masu motocin gas suka ji a jikinsu alhali fetur na da tallafi. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tazarar ta ragu. Ka duba allon gidan mai na yau ka buga da kanka, sannan ka tuna fowil yana ƙara shan mai kowace rana ta shekara, har da watannin rani da ko ɗigon ruwa ba ya sauka.

Yanzu dalilin da ya sa na ce ka bar Hiace ɗin. Toyota ta fi yin Homa mai fowil don kasuwar Japan, su kuwa ta hagu suke tuƙi, sitiyarinsu na dama. Mu tun 2 ga Afrilu, 1972 muka koma dama, kuma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, shi ya sa ake juyawa. Juya sitiyarin Hiace ba ƙaramin aiki ba ne. Direba a kan tayar gaba yake zaune, injin na ƙarƙashin kujera, ga aksul ɗin gaba na fowil ya cinye wurin. Sai an sauya sitiyari da rak ɗinsa, an matsar da fedar birki da kuloci, an ja bututun birki, an tsawaita wayoyi, an sa wani dashbod. Akwai masu yi da kayan asali, aiki mai tsabta, amma su ne 'yan kaɗan. Na sha ganin sandar sitiyari da aka yanke aka haɗa da walda. Wannan ita ce za ka ɗora wa rayukan mutane a dajin Falgore.

Ko da an yi juyin da kyau, akwai abin da ba ya juyuwa. Je ka dubi ƙofar fasinja mai zugewa. A motar Japan, in guda ɗaya ce, a hagu take, don can ne gefen titinsu. A nan hagu tsakiyar titi ne. Duk tsayawar da za ka yi, tsohuwa da jikarta za su sauka ne a gaban babur da Adaidaita Sahu da tirela. Fitilun gaba ma, in ba a sauya su ba, haskensu hagu yake karkata, cikin idon mai tahowa, ya bar maka gefen hanya a duhu. Don kaya zalla wani zai iya runtse ido. Don fasinja, ni ba zan ba ka wannan shawarar ba.

Volkswagen ba ta da wannan matsalar, sitiyarinta a inda ya dace yake, ga daɗin tuƙi, ga riƙe hanya. Damuwarta uku. Ƙarama ce: kujerun da aka yi ta da su ba sa wuce tara har da direba, kuma ƙafafunta na baya sifirin mai naɗi ne, ba faranti irin na Hiace ba, ba ta yafe wa mai wuce ƙa'idar lodi. Na biyu, tana son kulawa a kan lokaci. Haldex ɗin nan yana da nasa mai na daban da ake sauyawa wajen kowace kilomita 60,000, kuma yawancin masu motar ba su ma san da shi ba, sai famfonsa ya toshe motar ta koma mai jan gaba ba tare da kowa ya lura ba. Filawil ɗinta mai hawa biyu ne, idan kuloci ya tashi tafiya sau da yawa tare suke tafiya. Na uku shi ne kayan gyara. Shiga Ƙofar Ruwa ka ce kana neman kayan Hiace, kafin ka rufe baki yara uku sun ruga sun kawo. Ka ce famfon Haldex ko farfelar 4Motion, sai a ce ka kawo kuɗi a aika Ladipo a Legas, ko a jira kwantena. Motar haya da ta yi sati biyu a kan jak, ba kuɗin gyara kaɗai ta ci ba, ta ci cinikin kasuwa biyu.

Akwai kuma abin da ke kashe fowil a garin nan fiye da ramuka, wato taya. Wani mai kai kaya ƙauye ya taɓa kawo mini bas ɗinsa tana kuka a ƙasa, tana turjewa in an karya kwana. Wata biyar kacal da saye. Na zagaya na duba: tayoyi huɗu, kamfani uku, biyu sababbi a gaba, na baya ɗaya ta sha hanya, ɗayar ma lambarta daban. A motar da ke jan taya biyu wannan ba ya hana tafiya. A mai fowil na dindindin, tayar da ta fi ƙanƙanta tana juyawa fiye da sauran, na'urar tsakiya ta ɗauka sulɓi ake yi, ta yi ta kamawa tun daga Na'ibawa har inda za a je, ta yi zafi ta ƙone. Da na faɗa masa kuɗin wata na'urar, sai ya ce a cire farfelar gaba kawai. Aka cire. Ya koma yana jan ƙarfen fowil a banza, da kuɗin fowil da ya biya. Saboda haka in ka sayi irin wannan, taya huɗu tare ake saye, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, masu harafin C na ɗaukar kaya, irin 195R15C a Hiace. Ka karanta lambobi huɗun nan na jikin taya: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Kuma ranar da ta lalace a hanya, ba a ɗaga gabanta a ja ta da tayoyin baya a ƙasa, sai a ɗora ta gaba ɗaya.

Wannan labarin ya kamata ya sa ka leƙa ƙarƙashin duk motar da aka ce maka fowil ce. Rubutun jiki ba shaida ba ne. A hau da ita kan rami, ka ga farfela da idonka, ka ga sandunan da ke shiga tayoyi huɗun. Sannan a kai ta wurin yashi, ka tsaya a gefe, direba ya fizge ta, ka ga ko duka suna haƙa. Kana ƙarƙashin, ka ƙwanƙwasa shasi da sukundireba. Motocin fowil daga garuruwan ƙanƙara suke fitowa, inda ake watsa gishiri a titi, kuma tsatsa daga ciki take ci. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota abin tuhuma ne. Ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, don injin gas mai matsala da safe yake tona kansa: jan sitata, farin hayaƙi, karkarwa. A sa mata kwamfuta a karanta lafiyar kowane nozul. A 1KD a duba wasar da nozul ke zama a kai, don in tana yoyo baƙin hayaƙi na gangarawa cikin man juye ya toshe rariyar famfon mai, injin ya ƙone. Tayamin bel kuwa, duk abin da aka ce maka, sauya shi ranar da ka saya. Takardun kwastam a tabbatar da su da lambar shasi kafin kuɗi ya bar hannunka.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. Kafewa sau uku a shekara ba ta kai a sayi ciwon kai na kwana 365 ba. Zan nemi Hiace mai jan baya, wadda aka ƙera da sitiyarin hagu tun daga kamfani, mai injin 5L in na samu mai lafiya, ko mai fetur 2TR in ban samu ba. In sa mata tayoyi masu manyan haƙora a baya, in ajiye shebur, da igiyar ja mai ƙwari, da faffaɗan katako na ɗora jak, da ɗan famfon iska mai aiki da batir. Mota mai jan baya da lodi daidai a kan aksul tana riƙe ƙasa fiye da yadda ake zato, kuma rage iskar taya a yashi yana yin abin mamaki, in dai za a mayar da iskar da an hau kwalta. Ranar da aka kwana ana ruwa, in tsaya a bakin titi, kayan su ƙarasa a amalanke ko a babur, ko in jira rana ta ɗaga.

In kuwa ka zauna ka ƙirga ka ga ba sau uku ba ne, makonni ne cur hanyar ke gagararka kuma cinikin da kake rasawa mai yawa ne, to bas ɗin ƙanƙara ba za ta share maka hawaye ba. Abin da kake buƙata mota ce mai tsayi mai giyar lo: Hilux mai ƙofa huɗu, mutum huɗu a ciki ban da direba, buhuna a baya, ko Mercedes Sprinter 4x4, wadda ita kam an ɗaga ta kuma wasu na zuwa da lo, in aljihu zai ɗauka kuma ka riga ka sami bakanike mai kwamfutarta. Volkswagen ɗin zan ce ka saya ne kawai in mutanen da kake ɗauka ba su wuce bakwai ko takwas ba, kayanka katan-katan ne ba buhuna ba, kuma wahalarka santsi ce ba zaman ciki ba. In har ranka ya kwanta da ita, ka ce wa dillalin ya kawo ta gareji da ƙarfe bakwai na safe, a kan motar ɗauka ko a kwana da ita a can, kar a tayar da ita sai kana tsaye.